A Danginmu Babu Irin Wannan



Akwai wata magana da ake yi a gidajenmu nan Kusasu duk lokacin da aka haifi yaro da matsala: "A danginmu babu irin wannan." Yawanci daga bakin dangin miji take fitowa, kuma ba a ɗaga murya wajen faɗinta. A tsakar gida ake faɗi, ana cikin tankaɗe ko tsintar wake, daidai yadda mai jego za ta ji daga ɗaki. Mu a zumuntar matasa mun ji ta sau da yawa, mun yi shiru, domin manya ne ke magana. Yau muna so mu ce a kan cutar da za mu yi bayaninta, maganar nan kuskure ce tun daga tushe, kuma tana kwantar da mutanen da cutar kanta ba ta kwantar ba.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen ya faru ne a cikinmu. Iyalin sun yarda mu faɗa, muddin ba mu kama suna ba. Wata yayarmu ta haifi 'ya'ya maza biyu a jere, kowanne ya zo lafiya lau, aka yi barka, aka yi suna. Bayan suna da 'yan kwanaki sai yaro ya ƙi nono, ya kama amai, maɗiga ta faɗa, jiki ya saki. Kafin a gama shawarar yadda za a kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Na biyu ma haka, kamar an kwafa. Mutane suka ce wabi ne. Wasu suka ce da sa hannu, har aka fara kallon wata tsohuwa a unguwa da wani ido. A haihuwa ta uku ungozoma ta duba jaririn ta rasa abin da za ta gaya wa masu jira a waje, mace ce ko namiji. Wannan ruɗanin ne ya sa aka garzaya birni, kuma shi ne ya ceci yarinyar. Likitoci suka yi gwaji suka ce mace ce, tana da cutar gado da suke kira CAH, suka ce da alama ita ce ta ɗauke yayyenta biyu. Yau yarinyar tana gudu a harabar majami'a, tana shan maganinta kullum.

Da labarin ya iso gida, surukar yayar tamu ta ce, "To, mun dai ji. Amma a danginmu babu irin wannan." Mijin ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, likita ya ce daga mu biyu ne." Ta ce, "Likita bai san kakanninka ba."

Ga abin da likitan yake nufi. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ake kira adirinal. Ƙarami ne ƙwarai, amma shi ke sarrafa sinadarin kotizol, wanda ke tallafar jiki a lokacin zazzaɓi, yunwa, rauni ko firgita, da kuma sinadarin aldostiron, wanda ke hana gishiri da ruwa tsiyayewa daga jiki ta fitsari. A cutar CAH, ƙullutun nan ya rasa wani ma'aikaci guda a cikinsa, don haka ba ya iya kammala kotizol. Ƙwaƙwalwa ta yi ta aiko masa da saƙo ya ƙara himma, shi kuma ya yi ta kumbura, kayan aikin da suka taru suna juyewa su zama sinadarin maza. Shi ya sa jaririya mace kan zo da al'aurar da ke rikita ungozoma, alhali mahaifarta da sauran kayan cikinta na mace ne. Namiji kuwa ba a ganin komai a jikinsa ranar haihuwa. Kusan uku cikin huɗu na masu nau'in cutar mai tsanani suna zubar da gishiri, kuma abin yakan tashi ne a mako na biyu ko na uku. Ku lissafa da kanku: daidai lokacin da baƙin suna suka watse ke nan.

Ba sabuwar cuta ba ce, ba kuma ta wata ƙabila ba ce. Wani likita a birnin Nafoli na Italiya, Luigi de Crecchio, ya rubuta bayanin wani mai irinta tun 1865. A 1950 Lawson Wilkins na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya nuna cewa maganin kotizon yana riƙe yaran. A ƙasashen da ake ɗiban ɗigon jini daga dugadugin kowane jariri don gwaji, an ga ana haifar kamar yaro ɗaya cikin 15,000 da nau'in mai tsanani, kuma kamar mutum ɗaya cikin 60 yana ɗauke da ƙwayar gadon ba tare da ya sani ba.

Kalmar "ɗauke da" ba baƙuwa ba ce a wurinmu, saboda sikila. Kowa ya san AS ba mara lafiya ba ne, kuma kowa ya san SS ba ya samuwa sai uwa da uba sun ba da nasu. CAH haka take tafiya. Kowane mutum yana da kwafi biyu na ƙwayar gadon, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai kwafi ɗaya da ya lalace yana noma, yana haihuwa, yana tsufa, bai taɓa jin komai ba. Sai biyu irinsa sun haɗu, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya gaji lalatattun duka biyu. Saboda haka duk gidan da aka haifi mai CAH, abin yana dangin uwa, yana dangin uba. Mijin yayarmu daga wani ya gada, ko daga babansa, ko daga Innar da ta ce babu. Ba muna faɗin haka don mu mayar mata da laifin ba ne. Ita ma ba ta zaɓa ba, kamar yadda surukarta ba ta zaɓa ba.

To, mai ɗauke da ƙwayar, da gaske lafiyarsa ƙalau har a zuciya? Wannan tambaya ta dami masana, domin kotizol shi ne sinadarin da jiki ke fuskantar tashin hankali da shi. A 2004 wasu likitoci a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka suka gwada wasu 'yan mutane kaɗan masu ɗauke da ƙwayar, suka ga cewa saƙon da ƙwaƙwalwarsu ke aika wa adirinal ya ɗan fi na sauran mutane ƙarfi. Suka ce mai yiwuwa hakan ya sa wasunsu su fi saurin kamuwa da fargaba idan rayuwa ta matsa. A 2017 kuma masu bincike a Suwidin, inda ake ajiye bayanan asibiti na ƙasa gaba ɗaya, suka bi sawun iyayen yara masu CAH, suka ga ba su fi sauran iyaye shiga ciwon damuwa ba, har ma alƙaluman sun nuna sun fi jurewa. Bincike biyu ke nan, kowanne ya fuskanci wani gefe. Wanda ya ce maka ƙwayar nan tana haukata mutum, ko tana sa shi ya zama matsoraci, ya faɗi abin da masu ilimin kansu ba su faɗa ba.

Ga wani abu kuma da ya kamata a lura da shi. Ta yaya ake gane mai ɗauke da ƙwayar? Galibi sai ya haifi yaro mara lafiya. Wato mutumin da ake auna damuwarsa, mutum ne da ya kwana a asibiti, wataƙila ya binne ɗa, yana lissafin kuɗin magani kowane wata. In ka same shi da fargaba, ina za ka raba ta jini da ta rayuwa? A wurinmu ma tambayar ta fi wuya. Mu da muka yi shekaru muna kwana da takalmi a ƙafa, muna jin ƙarar babur daga bakin daji gabanmu ya faɗi, mu da muka san lokacin da bin hanyar Birnin Gwari zuwa Kaduna ta Udawa da Buruku ya zama sai da rakiyar sojoji, wa zai duba mace mai firgita cikin dare ya ce jininta ne? A ƙarshen Satumba 2021 aka yanke layukan waya a yankin nan kusan wata biyu. Uwar da jaririnta ke amai a makonnin nan ba ta da wanda za ta kira. Tun sulhun da gwamnatin jihar Kaduna ta yi a Nuwamba 2024 hanya ta ɗan buɗe, kasuwar shanu ta Birnin Gwari ta dawo, amma zuciya ba ta saurin mantuwa kamar kasuwa.

Ra'ayinmu shi ne: ko da ƙwayar tana da ɗan tasiri a kan yadda mutum ke ɗaukar tashin hankali, nauyin da muka gani da idonmu daga bakin mutane ya fito. Kuma ba a kan yayarmu kaɗai ya faɗa ba.

Tana da ƙanwa a cikin zumuntarmu, mai jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa, wadda aka riga aka kai kayan tambayarta. Da zancen ya bazu, dangin saurayin suka ce a dakata. Ba su ce sun fasa ba, sun dai ce a dakata, kuma duk wanda ya girma a nan ya san abin da hakan kan zama. Yarinyar ta daina zuwa koyon waƙa. Ta rame. Da wasu 'yan'uwa mata suka je gaishe ta, ta ce musu ba ta barci, in ta rufe ido jarirai take gani. Ta ce wa yayarta, "Yaya, ni ma ashe guba ce a cikina." Ba a taɓa yi mata gwaji ba. Babu wanda ya san ko tana ɗauke da ƙwayar. Jita-jita kaɗai ta yi mata wannan aiki.

Mun zauna mun yi lissafin, kuma muna roƙon ku bi shi a hankali, domin a nan ne tsoro ke raguwa. Yayarta tana ɗauke da ƙwayar, wato aƙalla ɗaya daga iyayensu yana da ita, don haka yiwuwar ita ƙanwar ta gada kamar rabi da rabi ne. Mu ɗauka ma ta gada. In ta auri wanda ba danginta ba, muka yi amfani da ɗaya cikin 60 ɗin nan, sai a ninka da ɗaya cikin huɗu: yiwuwar ta haifi mai cutar a kowane ciki ɗaya ne cikin 240. Tunda ba a tabbatar ta gada ba, ya koma kamar ɗaya cikin 480. Ku kwatanta da sikila. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, don haka AS ɗin da ya yi aure ba gwaji yana fuskantar kamar ɗaya cikin 16. Duk da haka ba mu taɓa jin an fasa auren yarinya don kawai ɗan yayarta SS ne ba. Gwaji ake yi, a zauna a yi shawara. Inda lissafin CAH ke canzawa sosai shi ne auren zumunci, domin ɗan kawu ko ɗan goggo yana iya gadon ƙwaya ɗaya da ke daga kaka ɗaya. A nan kam ya wajaba a je wurin likita kafin a sa rana.

Wani zai ce ai majami'u da yawa suna neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure, har jihar Kano ta mai da shi doka a 2024. Gaskiya ne, kuma abu ne mai kyau. Sai dai takardar da ke nuna AA ko AS ba ta cewa komai a kan CAH. Saurayin da dangin nasa ke cewa a dakata, shi ma bai san abin da yake ɗauke da shi ba, kuma masana gado sun nuna cewa kusan kowane ɗan Adam yana ɗauke da wata ɓoyayyiyar ƙwayar cuta ko wasu. Bambancin gidan yayarmu da sauran gidajenmu shi ne nasu ya fito fili.

Akwai dattawan da suka ce mana da an bar abin a wabi da ya fi, domin sanin ne ya jawo wa ƙanwar wannan hali. Mun fahimci abin da suke nufi, kuma ba za mu yi musun cewa sani yana da nauyi ba. Amma mu tuna abin da rashin sanin ya ci: yara maza biyu, da mutuncin wata tsohuwa da aka kusa kira mayya. Da ba a sani ba, yaro na huɗu in ya zo namiji da cutar, hanyar yayyensa zai bi. Yanzu kuwa in yayarmu ta sake ɗaukar ciki, an gaya mata ta haihu a asibiti, a gwada jaririn a kwanakin farko ko da ya zo kamar ba abin da ke damunsa. Abin da ya cuci ƙanwar shi ne rabin sani, wanda ya ji kalmar "gado" ya tsaya nan.

Mu ma muna da namu laifin. Da ta daina zuwa, wasu a cikinmu suka ce bangaskiyarta ce ta yi sanyi. Mun karanta labarin mutumin nan da aka haifa makaho a Yohanna sura 9, mun san amsar da aka ba masu neman wanda ya yi zunubi, amma da abin ya zo ƙofarmu sai muka koma gefen masu tambaya. Wanda ya yi makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, ba ya jin daɗin abin da ya saba so, yana bukatar addu'a, yana kuma bukatar likita, kamar mai karaya. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, cikin Kaduna, kuma ba sai wanda ke yawo tsirara ake kaiwa can ba. Tun Janairu 2023 Najeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mai irin wannan ciwo haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. In kuwa ɗan'uwa ya fara cewa gara ya mutu, ba a barinsa shi kaɗai ko na dare ɗaya, kuma ba a jiran Lahadi.

Yaran da ke da cutar su ma za su girma a cikinmu, suna jin abin da muke faɗi. Binciken da aka yi a Suwidin a 2014 da 2015 ya nuna cewa maza da mata masu CAH sun fi sauran jama'a fama da matsalolin ƙwaƙwalwa da shan barasa. Wannan a ƙasar da magani ba ya yankewa ke nan. A nan, inda yaro ɗaya zai iya kiran yarinya "mata-maza" a makarantar Lahadi sunan ya bi ta har gidan miji, aikinmu ya fi nasu yawa. Duk malamin yara da ya ji wannan kalma ya tsawata nan take. Mu manya kuma mu daina tambayar uwa, "Wai da gaske ne abin da aka ce?" Jikin yarinyar ba na ikkilisiya ba ne. Zancen ko za a yi mata aiki, da yaushe, tsakanin iyayenta ne da likitocinta, da ita kanta in ta yi wayo.

Maganin kansa ba shi da wuyar fahimta. Haidirokotizon ne ake sha kullum, sau uku a rana ga yara, da fuludirokotizon ga masu zubar da gishiri, da ƙarin gishiri ga jarirai yadda likita ya auna. Wuyar tana ranar zazzaɓi. Jikin mai lafiya yana ƙara kotizol da kansa in maleriya ta kama shi, na mai CAH ba ya iyawa, don haka likita kan koya wa iyaye yadda za su ninka maganin, in kuma amai ya hana shi zama a ciki sai allura, cikin gaggawa. Damina a wurinmu lokacin zazzaɓi ne, kuma lokacin da hanya ke lalacewa. Uwar da ke duba sauran ƙwayoyi nawa a cikin gwangwani tana jin hadari yana haɗuwa, ba jininta ne ke hana ta barci ba. Masana irin wannan ciwo a manyan asibitoci suke, irin su asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, kuma zuwa can daga nan kuɗin mota ne, da kwana, da barin gona.

Wani gargaɗi a gefe, tunda mun san halinmu da kemis: mai ɗauke da ƙwayar ba ya bukatar magani ko kaɗan. Kada wani ya ji sunan kotizon ya je ya sayi dekzametazon ko firednisolon ya ce rigakafi yake yi. Irin ƙwayoyin nan da wasu ke sha don ƙiba, in aka daɗe a kansu suna sa adirinal mai lafiya ya daina aiki, suna hana barci, suna rikita hali, kuma barinsu rana ɗaya bayan dogon sha yana da haɗari.

Abin da muke roƙo ba shi da yawa. Muna roƙon dattawa da Zumuntar Mata su sa iyali irin wannan a cikin asusun taimakon marasa lafiya a matsayin na kowane wata, domin cutar ba ta warkewa a sallame ta, kuma kuɗin mota zuwa Zariya sau biyu ko uku a shekara bai fi ƙarfinmu ba in muka haɗa hannu. Muna roƙon maza su riƙa raka matansu wurin likita su ji da kunnensu, domin bayanin da mace ta kawo gida ita kaɗai, kare kai ake ɗaukarsa. Muna roƙon ungozomominmu da iyayenmu mata: jaririn da ya ƙi nono yana amai a mako na biyu ko na uku, ko wanda aka rasa gane jinsinsa, a kai shi babban asibitin Birnin Gwari a ranar, a gaya wa ma'aikata in an taɓa rasa jariri a gidan ta wannan hanya. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ɓoye shi a ɗaki don kunya.

Ƙanwar tamu ta ga likita sau biyu, barci ya fara dawowa, ran Alhamis da ta wuce ta zo koyon waƙa ta zauna a baya, ba ta ja ba tukuna. Dangin saurayin sun ce za su ba da amsa bayan girbi. Mun roƙi dattawa biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, su je gidan kafin lokacin, mijin yayar ya ce zai bi su ya yi bayanin da bakinsa, kuma mun rubuta musu lissafin nan na 240 da 480 da 16 a takarda su tafi da shi.